Na tabbata na sani, shi ya sa ban duba ba

Na yi shekara talatin da biyu ina aikin jinya kafin in yi ritaya, kuma ban taɓa samun takardar gargaɗi kan sakaci a bakin aiki ba. Sakacin da na yi, a gida na yi shi, a kan mutumin da na fi ƙauna bayan iyayena. Na daɗe ina juya maganar nan a raina, in ce zan rubuta, in fasa. Yau na rubuta da izinin ƙanina, domin labarin nasa ne kamar yadda yake nawa.

Lokacin da muke makarantar koyon jinya, a farkon shekarun 1980, muna da wani malami dattijo mai natsuwa, wanda har yau nake yi wa addu'a. Shi ya koya mana gyambon ciki, wanda mutane suka fi sani da olsa. Ina tuna ranar kamar jiya. Ya zana tumbi a allo, ya juyo ya ce mana asid ɗin da ke cikin jakar nan ya isa ya narkar da nama, don haka babu ƙwayar cutar da za ta iya rayuwa a cikinta. Abin da ke kawo gyambo, in ji shi, yawan asid ne, abin da ke tayar da asid kuwa damuwa ce, da zama da yunwa, da shan taba. Sannan ya rubuta mana ƙa'ida da manyan baƙaƙe: in babu asid, babu gyambo. Daga baya na gano cewa wani likita mai suna Karl Schwarz ne ya kafa ta tun 1910. Malamin nan bai yi mana ƙarya ba. Abin da ke cikin littattafan likitanci ke nan a wancan zamani, kuma shi da ni duk mun karɓe shi da zuciya ɗaya. Na ci jarrabawa da shi, na fita aiki da shi, na yi ta koya wa na ƙasa da ni shi.

Mahaifinmu ya rasu ƙanina yana da shekara tara, ni na riƙe shi har ya yi aure. Bai taɓa kiran sunana ba, Yaya yake ce mini, kuma abin da na faɗa shi ne magana. Ya zama direban babbar mota, yana tafiya mai nisa, kwana uku, kwana huɗu a hanya. Yana son aikin nan ƙwarai. Idan ya dawo ya zauna yana ba da labarin hanya, fuskarsa har haske take yi.

Wata rana ya zo mini da kukan ciwon ciki. Ya ɗora yatsa ɗaya a ƙasan ƙashin ƙirjinsa ya ce nan ne, kamar an ajiye garwashi. Ciwon yana tashinsa wajen ƙarfe biyu na dare, in ya sa wani abu a cikinsa sai ya lafa, bayan awa biyu ko uku ya dawo. Kafin ya gama magana na riga na gama hukunci. Ga mutum mai wuni a kan sitiyari bai ci ba, ga tunanin hanya, ga rashin barci. Komai ya zauna daram a kan abin da aka koya mini. Na ce masa olsa ce, na ba shi cimetidine da farin maganin ruwan nan mai kwantar da asid, na kafa masa dokoki. Cikin mako biyu ya warware. Ya zo yana murna yana cewa, "Yaya, kamar an cire mini ƙaya." Ni kuma na ƙara samun tabbaci.

Bayan wata biyar ciwon ya dawo. Ban tambayi kaina ko akwai abin da na rasa gani ba. Shi na tambaya: ka ci abinci a kan lokaci? Ya sunkuyar da kai ya ce wani lokaci hanya ba ta bari. Na ce to ka gani. Na sake ba shi magani, ya warke, ya sake dawowa. Na sauya masa zuwa omeprazole, wanda ya fi ƙarfi, ya sami sauƙi mai tsawo, sannan ya dawo. Haka muka yi ta yi shekara takwas.

Sai yanzu nake ganin irin ɗakin da na gina wa kaina, ɗaki mara ƙofa mara taga. Idan ya sami sauƙi, maganina ne ya yi aiki, ilimina ya tabbata. Idan ciwo ya dawo, shi ne ya karya doka, ilimina ya sake tabbata. Babu wani abin da zai faru da jikin yaron nan da zai nuna mini na yi kuskure, domin kowace hanya aka bi, a wurina take ɓullowa. Kuma da yake babu mutumin da ba ya damuwa, babu wanda ba ya jinkirta cin abinci wani lokaci, ban taɓa rasa laifin da zan kama shi da shi ba. In na rasa na yunwa, sai in ce yana da tunanin da yake ɓoye mini. Ya yi ta rantsuwa babu, ina cewa jikinka ya fi bakinka gaskiya.

A shekara ta huɗu na yanke hukuncin da har yau yake hana ni barci. Na kira shi na ce tuƙin nan ne zai kashe shi, ya ajiye. Ya ce, "Yaya, da shi nake ciyar da iyali." Na ce rai ya fi dukiya. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "To, Yaya." Ya miƙa makullin mota ga mai ita. Daga nan ya shiga 'yan buge-buge, yau ga wannan gobe ga waccan, samu ya ragu, gida ya ƙuntata. Ciwon kuwa bai fasa dawowa ba. Ko wannan bai girgiza ni ba. Na ce ai yanzu damuwar rashin aiki ce take tayar da shi. Ni na raba shi da aikin, ni kuma na mayar da rashin aikin hujjata.

Da a ce labarin bai iso gare ni ba, da ina da abin faɗa. Ya iso, har sau uku.

Na farko a wurin aiki. Matasan likitoci sun fara rubuta wa masu olsa maganin kashe ƙwayoyin cuta iri biyu tare da omeprazole. Da hannuna nake ƙirga ƙwayoyin in ba majinyata, domin umarnin likita ne. A raina kuwa ina cewa yayi ne, kamfanonin magani ne suke neman kasuwa. Ban taɓa bin sawun ko mutum ɗaya daga cikinsu in ga ko ya dawo da ciwon ba. Ina da katunansu a gabana kullum. Duba su ba zai ci mini awa guda ba.

Na biyu a rediyo, a shekarar 2005. Aka ce an ba wasu likitoci biyu 'yan Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, kyautar Nobel saboda sun gano cewa wata ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori ce ke haddasa mafi yawan gyambon ciki. A cikin bayanin aka ce kusan rabin mutanen duniya suna ɗauke da ita. Na cafke wannan jimla ɗaya na yar da sauran. Na ce wa abokin aikina, in rabin duniya suna da ita, don me rabin duniya ba su da olsa? Na ji daɗin tambayar nan sosai, na yi ta maimaita ta. Tambaya ce mai kyau, kuma tana da amsa, amma ni ban yi ta don neman amsa ba. Na yi ta ne don in rufe bakin mutane. Alhali ni da kaina na san dubban mutane suna ɗauke da ƙwayar tarin fuka ba su taɓa yin tari ba, ban kuma taɓa cewa don haka ba ita ke kawo tarin ba.

Na uku shi ne mafi ciwo, domin daga cikin gidana ya fito. Babbar 'yata tana karatun kimiyyar gwaje-gwajen asibiti a jami'a. Ta dawo hutu ta tarar da baffanta a kwance a ɗakina yana murƙususu. Da dare ta same ni ni kaɗai, ta durƙusa, ta ce, "Baba, ina da magana, in ka ba ni izini." Na ce ina ji. Ta ce, "Da za a yi wa Baffa gwajin ƙwayar cutar nan ta ciki. Da bayan gida ake yi, ba wuya. Sai dai ya dakatar da omeprazole na mako biyu kafin nan, don kada sakamakon ya fito ba daidai ba. In babu, ba mu yi asarar komai ba."

Na ji wani zafi ya taso mini tun daga ciki har wuya. Na ce mata tun kafin a haife ta nake jinyar masu olsa. Na ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Ta ce, "Haka ne, Baba. Allah ya huci zuciyarka." Ta tashi. Washegari na tarar da wasu takardu guda shida a kan teburina, ta bugo su daga intanet, ta ja layi da jan biro a ƙarƙashin wasu wurare. Na ninke su na jefa a aljihun tebur. Shekara biyu suka yi a nan ban buɗe ba.

Na sha tambayar kaina daga ina fushin nan ya fito. Yarinya ta yi magana cikin ladabi, ba ta ce na yi kuskure ba, gwaji kawai ta nema. Mutumin da ya tabbata da gaskiyarsa, me gwaji zai rage masa? Abin da na gano, bayan na daɗe ina tonon zuciyata, shi ne a daren nan wani ɓangare nawa ya riga ya hango abin da sakamakon zai iya nunawa. In ya nuna akwai ƙwayar, to shekarun da ƙanina ya yi yana shan wahala, da motar da ya ajiye, da faɗan da na yi ta yi masa, duk a wuyana suke. Ga malamina da nake girmamawa, ga ɗaliban da na koyar, ga mutanen da ke sallama a ƙofar gidana suna neman shawara. Abin da na yi imani da shi ya riga ya haɗe da mutuncina, taɓa ɗaya taɓa ɗayan ne. A lokacin kuwa ban ji shi a matsayin tsoro ba. Ji na yi kamar ina kare ilimi daga rawar kan yara.

Wani dare, wajen ƙarfe uku, waya ta yi ƙara. Matar ƙanina ce, muryarta tana rawa: "Yaya, ka zo, ya faɗi a banɗaki, ba ya magana." Na same shi a ƙasa, jikinsa sanyi ƙalau, gumi ya jiƙa shi, tafin hannunsa fari fat. Na kama wuyan hannunsa, bugun yana gudu amma da ƙyar ake jin sa. Na leƙa masai na ga abin da duk ma'aikacin jinya ya san ma'anarsa: bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, mai wani irin ƙarni. Jini ne yake zuba a ciki. A mota na tambaye ta tun yaushe. Ta ce kwana uku. Na daka mata tsawa, don me ba a gaya mini ba? Ta ce, tana kuka, "Shi ya hana. Ya ce za ka ce bai bi doka ba."

Ban sake cewa komai ba har muka isa asibiti.

Leda huɗu ta jini aka ƙara masa. Da ya ɗan farfaɗo aka zura masa bututu mai kyamara ta baki, aka ga gyambon a farkon ƙaramin hanji, daidai mafitar tumbi, ya ci har ya taɓa jijiyar jini. Aka tsayar da zubar, aka ɗebi ɗan nama don gwaji. Likitan da ya yi aikin sa'ar 'yata ne. Ya tambaye ni cikin girmamawa, "Baba, shekara nawa yana fama?" Na ce takwas. Ya ce, "An taɓa yi masa gwajin Helicobacter?" Na ce a'a. Bai ce komai ba, ya rubuta a kati. Sakamako ya fito, ƙwayar tana nan.

A daren nan na koma gida na buɗe aljihun tebur, na ɗauko takardun nan shida, na dawo na zauna a bencin da ke bakin ɗakin da yake kwance na karanta su har asuba. A nan na san cewa Robin Warren, mai duba naman jiki a madubin likita a wani asibiti a birnin Perth, ya fara lura da wasu lanƙwasassun ƙwayoyin cuta a naman tumbi tun 1979, kuma abokan aikinsa ba su ɗauke shi da muhimmanci ba, domin kowa ya san babu abin da ke rayuwa a cikin asid. Marshall ya haɗu da shi a 1981 yana matashin likita. Sun yi ta ƙoƙarin rainon ƙwayar a ɗakin gwaji tana ƙi, saboda ana zubar da faranten bayan kwana biyu. Sai a hutun Ista na 1982 aka bar wasu suka yi kwana biyar, ƙwayar ta tsiro. A cikin majinyata 100 da suka bincika, duk mutum 13 da ke da gyambo a farkon hanji, irin na ƙanina sak, suna ɗauke da ita. A 1983 suka aika da bincikensu taron ƙungiyar likitocin ciki ta ƙasarsu, aka ƙi karɓa. A 1984 Marshall, yana da shekara 32, ya sha ruwan da aka raini ƙwayar a ciki. Cikin 'yan kwanaki ya fara amai, aka leƙa cikinsa aka ga tumbin da yake lafiya lau ya kumbura, ga ƙwayar a jikinsa. Har dabarar da take rayuwa da ita aka gano: tana fitar da wani sinadari da ke samar da amoniya, ta kashe kaifin asid ɗin da ke kewaye da ita, ta nutse cikin majinar da ke lulluɓe bangon tumbi.

Inda 'yata ta ja layi biyu shi ne inda aka ce an ga ƙwayar tun kafin su. Wani Ba'italiye, Giulio Bizzozero, ya ga 'yar'uwarta a cikin karnuka a 1893. A 1954 wani likita a Amurka, Eddy Palmer, ya duba naman tumbi fiye da dubu ya ce bai ga komai ba, maganarsa ta rufe babin na shekaru masu yawa, alhali rinin da ya yi amfani da shi ne ba ya fito da ita sosai. Wani likita kuma a Girka, John Lykoudis, ya yi ta warkar da masu olsa da maganin kashe ƙwayoyin cuta tun 1958, hukumomin ƙasarsa suka ci shi tara. Mutane masu ilimi, masu niyyar alheri, abu yana gaban idonsu amma sun riga sun san ba zai yiwu ba.

Da farko na so in sami sanyi a cikin wannan tarihi, in ce ashe ba ni kaɗai ba ne. Da na ƙara karantawa sai na ga ban cancanci wannan sanyin ba. Likitocin da suka yi shakkar Marshall a farko hujja suka nema, kuma neman hujja haƙƙinsu ne. Aka yi gwaje-gwaje a ƙasashe daban-daban, aka ga waɗanda aka kashe wa ƙwayar gyambonsu ba ya cika dawowa, waɗanda aka rage wa asid kawai kuwa mafi yawansu yana dawo musu. Zuwa 1994 babbar cibiyar binciken lafiya ta Amurka ta ba da shawarar a riƙa ba masu gyambo da ke ɗauke da ƙwayar maganin kashe ta, kuma a shekarar ce hukumar binciken kansa ta duniya ta sa ƙwayar cikin abubuwan da ke haddasa kansar tumbi. Su sun yi shakka, suka duba, suka sauya. Ni ban yi shakka ba ko sau ɗaya. Shakka takan tura mutum ya je ya duba. Abin da ke gare ni ya zaunar da ni wuri ɗaya fiye da shekara goma bayan an gama gardamar.

Wani abin da ya ƙara ɗaure ni shi ne abin da na riƙe ba ƙarya ce zalla ba. Asid yana da hannu, shi ya sa maganin rage shi yake kawo sauƙi. Taba tana hana gyambo warkewa. Gyambon farkon hanji yana tashi ne idan ciki ba komai, shi ya sa mai shi yake ganin yunwa ce ta jawo masa. Kuma akwai gyambon da babu ruwansa da ƙwayar, wanda magungunan ciwon jiki irin su aspirin da ibuprofen da diclofenac suke jawowa. Ƙarya zalla ba ta daɗewa a hannun mai hankali, za ta tona kanta. Rabin gaskiya ce take riƙe mutum shekara da shekaru, domin kullum tana ba shi ɗan abin da zai nuna ya ce ga shi, na faɗa.

An ba ƙanina magani na kwana 14. Bayan wata guda da 'yan kwanaki aka sake gwaji, ƙwayar ta tafi. Daga ranar har yau ciwon nan bai sake tashinsa da dare ba.

Ranar da aka sallame shi na jira kowa ya fita, na zauna a bakin gadonsa. Ban taɓa ba shi haƙuri ba tun da aka haife shi, ban ma san ta inda ake farawa ba. Na ce masa ciwon nan ba laifinsa ba ne, bai taɓa zama laifinsa ba. Na ce 'yata ta gaya mini gaskiya shekara biyu da suka wuce na ƙi ji. Na ce ya yafe mini. Ya kama hannuna da sauri ya ce, "Haba Yaya, wallahi ban riƙe ka da komai ba. Ai don ni kake yi." Ya yi shiru, yana kallon silin. Can ya ce, a hankali, kamar mai magana da kansa, "Ashe da ban ajiye motar ba."

Bai ƙara tayar da maganar ba, har yau. Ya nemi komawa tuƙi, amma shekaru sun ja, idonsa ma ya fara rauni, ba wanda ya ba shi babbar mota.

Ita kuma 'yata, na kira ta na miƙa mata takardunta shida, duk sun yi laushi saboda juyawa. Na ce na karanta. Ta karɓa da hannu biyu, idonta ya cika da hawaye, ta ce, "Baba, ni ma da na ƙara yi maka magana." Na ce mata ta yi nata, ni ne na rufe ƙofa.

Ina da wani tsohon littafi da nake rubuta sunayen mutanen da suke zuwa gida neman shawara, da abin da na ba su. Bayan mako guda na ɗauko shi na bi shafi shafi, na fitar da duk wanda na taɓa ce wa olsa ce, ka daina damuwa, ka riƙa ci a kan lokaci. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina cewa su je asibiti a gwada su, kada kuma su sayi maganin da kansu. Wasu sun je. Wasu sun ce ai maganin da na saba ba su ya ishe su, suka maimaita mini maganganuna da bakinsu, kalma da kalma, na rasa yadda zan yi in cire abin da na dasa. Akwai wata dattijuwa da na je gidanta aka ce mini ta rasu shekara guda da ta wuce, bayan doguwar jinyar ciki, ta rame ta ƙare, abinci ba ya zama. Ɗanta ya yi mini godiya a kan ɗawainiyar da na yi da ita. Na tsaya a ƙofar gidan na yi mata addu'a, na koma mota na buɗe littafin, na nemi suna na gaba.